Wuƙar Mataki na Talatin

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe goma na safe

Likitar hannu ta ce in riƙa rubuta shafi ɗaya kullum da hagu, ko me na ga dama, don hannun ya saba da biro. To ga shi na fara. Rubutun sai ka ce kaza ta yi tono, amma ai ni zan karanta abina.

Ba zan rubuta komai game da waccan Alhamis ɗin ba. Wanda ya sani ya sani. Zancen wasa zan rubuta.

Yau na buɗe kwamfuta karon farko cikin mako uku, na tarar da saƙo sama da ɗari huɗu a zaurenmu na intanet. Mun kai mutum dubu biyu, kowa da ƙasarsa, babu wanda ya taɓa ganin fuskar wani. Wasan kwamfuta ɗaya ne ya haɗa mu, na wani ɗan mutum mai gudu da tsalle da muke kira Gajere. Daɗin wasan shi ne kowa zai iya gina nasa matakin: ka jera katanga, ka haƙa rami, ka dasa tarko, ka ɗora mutane su zo su sha wuya. Shekarata shida ina yi. A can sunana Azaba, kuma ba ni na raɗa wa kaina ba.

Bana zaure ya shirya Doguwar Tafiya. Mataki talatin, magina talatin, ƙofar fitar wannan ita ce ta shigar wancan. Aka yi ƙuri'a kan wanda za a ba na ƙarshe, aka ba ni. Na gama gina shi tun kafin Alhamis ɗin, abu ɗaya ya rage. Wasan ba ya barin ka ɗora mataki sai kai da ka gina shi ka tsallake shi da kanka, daga farko har ƙarshe, ba mutuwa ko ɗaya. Mai Gadi, wato shugaban zauren, ya sa ranar rufewa: Juma'a 28 ga wata, ƙarfe shida na yamma. Wanda bai ɗora ba, a ba wani gurbinsa.

Kwana ashirin da biyar ke nan. Hannuna na dama yana kan matashi cikin bandeji, ana ta yi masa hidima, ba ya tsinana komai. Na sa masa suna Alhaji.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Na rubuta a zaure: "Na yi 'yar tafiya ne, na dawo." Ba ƙarya ba ce sosai.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na gwada. A da hagu ke tafiyar da Gajere, dama kuma ke tsalle da kama bango da zabura. Yanzu duk na tattara na ɗora wa hagu. Na mutu sau sittin da ɗaya a ɗaki na farko, ɗakin da na gina don a ɗumama jiki kawai.

Maɗaba'armu na kwaikwaya a matakin, inda na yi shekara goma sha huɗu ina aiki. Ɗaki na ɗaya tulin takardu ne masu zubewa in ka taka. Na biyu rolar tawada ne masu juyawa su markaɗe ka. Na uku bel ne, ɗamarar injin da ke jan kaya, mai ja da baya. Na huɗu injin yankan takarda ne, wanda nake tsayawa a kansa.

Na huɗun ba yau ba.

Duk da haka sau ɗaya na kai tuli na bakwai cikin tara, na yi ihun da ya sa maƙwabciya ta ƙwanƙwasa bango. Ta ɗauka ciwo ne ya tashi.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Mutuwa tamanin. Oga ya kira daga maɗaba'a sau biyu, ban ɗauka ba.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ban kunna ba.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe uku na rana

Yaya ta zo da kuloli uku kamar za ta ciyar da unguwa. Tana ganin matashin da Alhaji ke kai ta fara share ido da gefen mayafi. Ina son Yaya, amma kukanta yana sa in ji kamar ni ce gawar.

Da ta hango kwamfuta a kunne sai hawayen suka tsaya cak.

"Auta, ke yanzu a halin da kike ciki, wasan yara kike yi?"

"Yaya, yaron da zai iya wannan ba a haife shi ba tukuna."

"Ki kwanta ki huta. Ki yi ta addu'a."

"Ina yi. Rabinta ma a kan tuli na takwas nake yin ta."

Maigida yana bakin ƙofa yana cire takalmi, ya dawo cin abinci daga tuƙin bas ɗinsa. Ya ce, "Yaya, ki bar ta. Ranar Talata ce ranar farko da na ji ta zagi wani abu da ƙarfi. Wallahi har daɗi na ji."

Yaya ta ce mu biyun duk sai an yi mana addu'a. Ta zuba min abinci, ta yayyanka naman ƙanana ba tare da ta tambaye ni ba. Wannan ya fi kukan ciwo, amma na ci.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Wannan ranar sai an rubuta ta da kyau, ko da hagu za ta gaji.

Maigida ba ya aiki yau, ya zauna a kan kujerar bayana da kofin shayi yana kallon yadda nake mutuwa. Bai san komai a wasan ba, sau ɗaya ya taɓa gwadawa ya faɗa ramin farko sau goma sha biyu. Can sai ya ce, "Ranki ya daɗe, me ƙafarki take yi?"

"Wace ƙafa?"

"Ta dama. Duk lokacin da ɗan mutumin nan zai yi tsalle, sai kin taka ƙasa. Ni da ƙafa nake cin abinci, ba na rasa ganin irin wannan."

Na leƙa ƙarƙashin tebur. Gaskiyarsa. Injin yanka yana da abin takawa, shi ke sauko da ƙarfen da ke danne takarda. Shekara goma sha huɗu ina taka shi sau ɗaruruwa a yini. Ashe ƙafar ta haddace lokaci tun tuni, ba wanda ya ba ta aiki ne kawai.

Ya tashi ya zaƙulo tsohon kibod daga saman kwaba, ya ɗauko sukundireba ya ɓamɓare madannan duka, ya bar dogon nan na ƙasa shi kaɗai. Ya ajiye min a gaban ƙafa. Yana zamewa a kan tayil, sai ya ɗauko salatif zai liƙe shi. Na ce ya mayar. Ya dube ni, ya mayar, ya kawo darduma ya shimfiɗa a ƙarƙashi.

Na mai da tsalle can. Gwaji na huɗu na haye tuli tara duka, na faɗa ƙofar ɗaki na biyu. Na huɗu fa. Maigida ya zubar da shayi a kan wandonsa, ya ce ko a jikinsa.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Ɗaki na ɗaya sau goma a jere, ba mutuwa. Babban ɗan yatsan ƙafata ya fi rabin zauren nan iya wasa.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Mataki ashirin da biyu sun hau. Na buga uku daga ciki don in huta da nawa, na bar musu sharhi. Wata sabuwar magina ta yi mataki mai kyau da ruwa mai hawa, na ce mata ta rage tarko biyu a tsakiya, ba a tara wa mutum mugunta wuri ɗaya, rarraba ta ake yi.

Sai ga Injiniya a zaure: "Ina Azaba? Ko dai tuwon da ta tuƙa ya fi ƙarfin cikinta?" Aka yi ta dariya. Shi ne ya zo na biyu a ƙuri'a, saboda haka in ban ɗora ba nasa za a saka. Ya ce ya gama, yana jira.

Muna da tsohuwar tsama da shi. Akwai abin da muke kira ƙofar magini, wata ɓoyayyiyar ƙofa da malalacin magini ke dasawa a bayan bango. Shi kaɗai ya san da ita, sai ya bi ta ciki ya faɗo ƙarshen mataki, wasan ya ɗauka ya tsallake. A zaurenmu babu abin kunya kamar wannan. Bara na gano ta Injiniya, na ɗauki hotonta, na zagaye da jan layi, na saka a zaure. Ban ma yi masa magana a gefe ba. Na ji daɗin abin a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Na amsa masa: "Ka ajiye naka wuri mai kyau, kada ya yi ƙura." Minti biyar na yi ina rubuta wannan da hannu ɗaya.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Asibiti. An cire bandeji, an cire zare. Na ƙirga tayil ɗin bangon da ke gabana, ɗari da goma sha shida ne, ɗaya ya tsage.

Likitar hannu ta ce, "Anti, ya warke da kyau. Ba za ki duba ba?"

Na ce na yarda da ita. Ta ce babban yatsa lafiyarsa ƙalau, ƙaramin ma haka, in daina lallaɓa su, in ba su aiki. A cikin bas na sa wa Alhaji safar Maigida, wata ruwan toka. Ta yi masa daidai.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na share ɗaki, na goge tagogi. Oga ya turo saƙo mai tsawo, na ga layin farko na rufe.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ɗaki na biyu ya ƙi. Tsakanin rola ta uku da ta huɗu sai ka kama bango ka zabura a lokaci ɗaya, hagu kuwa ba ta da yatsan da ya rage. Na yi awa biyu ana markaɗe ni cikin tawada.

Sai na ɗauko almakashi na huda safar, na fito da babban yatsa waje. Na ce, "Alhaji, hutu ya ƙare." Na ɗora shi a kan madannin zabura. Dannawar farko ta ja min wani zafi har gwiwar hannu. Ta biyu ma haka. Ta ashirin ban lura ba, don a lokacin Gajere yana can saman rola ta shida yana jirana.

Na wuce ɗaki na biyu. Na zauna ina dariya ni kaɗai kamar wadda ta zare. Da Maigida ya dawo ya ga safarsa da rami, ya ce, "Alhajin nan dai ya fi ni gata a gidan nan."

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ɗaki na uku. Na huda rami na biyu, ƙaramin yatsa ya karɓi kama bango. Ɗaya, biyu, uku a jere ba mutuwa, sau biyu yau. Kwana goma sha biyu suka rage, kuma kashi uku cikin huɗu yana aljihuna. Injiniya ya ci gaba da goge ƙura.

Duk sau biyun na kai Gajere bakin ƙofa ta huɗu, na tsaya, na fita daga wasan.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na shiga. Na kashe sifika tukuna.

Dogon lungu ne, ƙasan bayanka yana zubewa, ba dama ka tsaya ka yi tunani. Wuƙa biyar a sama, kuma ba a ganin su, na ɓoye su a cikin rufi. Alama ɗaya ce kawai. Kafin kowace ta sauko akwai ƙarar ƙarfen danne takarda, ƙas. In ka ji, ka tsaya cak, wuƙa ta sauko a gaban hancinka, tana tashi ka zabura ka wuce. Ƙarar ba ta cikin wasan ba ce. Ni na ɗauko ta da wayata a wurin aiki, daga injina, wata rana da aka tafi hutun rana. Da na saka guntun bidiyon ɗakin a zaure mutane suka haukace, shi ya ba ni ƙuri'ar. Na cika baki sosai a lokacin, na ce na gina ɗakin da ido ba ya aiki a cikinsa.

To ga ni ba kunne. Mutuwa arba'in, ban wuce wuƙa ta farko ba.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na ce bari in ƙirga daƙiƙu a zuci in haddace lokacin saukowarsu. Sai na tuna na hana wannan ma. Na saita su kowane zagaye su canza lokaci, don kada wani mai wayo ya haddace.

Matar da ta gina ɗakin nan ba ta da imani ko kaɗan. Da zan gan ta da na gaya mata magana.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ashirin da takwas sun hau. Mai Gadi ya turo min a gefe: "Azaba, lafiya dai?" Na ce lafiya lau, ina gyare-gyare ne.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ban san abin da ya sa na zaɓi yau ba. Taurin kai.

Na kunna sifika. Gajere ya shiga lungun. Na ji ƙarar sau ɗaya.

Abin da na sani bayan nan, ina zaune a ƙasa a banɗaki, famfo yana zuba, na cusa Alhaji a hammata na matse. Haka Maigida ya dawo ya same ni. Ya rufe famfon, ya zauna a ƙasan tare da ni da kayan aikinsa a jiki.

Injin yanka na wurin aiki yana da madanni biyu, nesa da juna, don sai hannuwanka biyu suna kansu wuƙa za ta sauko. In aiki ya yi yawa akan liƙe ɗaya da salatif, don hannu ɗaya ya samu damar gyara takarda. Kowa yana yi. Ni ma ina yi. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na gina ƙofar magini. A bayan tuli na uku, ƙarƙashin wata takarda da ba ta zubewa. Minti huɗu ta ɗauke ni, ta yi kyau kuma, ta fi ta Injiniya ɓoyuwa nesa ba kusa ba.

Na kai Gajere gabanta na tsayar da shi.

Juma'a, ƙarfe biyu na rana

Na goge ta. Ina so in ce don gaskiya ne, amma rabin dalilin shi ne Injiniya zai gano ta cikin awa ɗaya. Ni na koya masa inda ake dubawa. Na yi ta tuna jan layin nan da na zana masa, ban taɓa tambayarsa me ke faruwa da shi a wancan watan ba. Wannan ya tsaya min a rai yau.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Maigida ya ce, "Dole sai waccan ƙarar? Ba za a iya sa wata ba?"

Ya shiga kicin ya fito da cokali da murfin tukunya, ya ce in riƙe waya. Sau shida muka ɗauka, don duk lokacin da ya buga sai dariya ta kama shi ta ɓata. Na cire ƙas, na saka ƙwal.

Wuƙa ta farko. Ta biyu. Kafin la'asar na wuce ta huɗu. Ashe hannuwan sun iya, kunnen ne ya ƙi.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Na tsallake. Daga tulin farko har ƙofar ƙarshe, ba mutuwa, minti shida da daƙiƙa tara. Madannin ɗorawa, wanda ya yi wata guda yana toka-toka, ya koma kore. Na tashi na zagaya tebur sau biyu ina taka rawa da ƙafa ɗaya ba takalmi.

Maigida ya shigo ya gani. "Ranki ya daɗe, ga shi ya yi kore. Danna mana."

Na zauna. Na sa yatsa a kai. Na sake kunna ɗaki na huɗu na saurara. Ƙwal. Wuƙa mai nauyin mutum tana saukowa, alamarta murfin tukunya.

"Ba shi ba ne," na ce.

"Wa zai sani?"

"Duk sun ji bidiyon. Amma ba wannan ba ne ma." Sai maganar ta fito da kanta. "Injin nan ya riga ya ɗauki abin da ya ɗauka. In na cire ƙarar nan, ya haɗa da matakina ke nan. Shi kam ba zan ba shi ba."

Ya ce, "In kin mayar da ita, koren zai tafi?"

"Zai tafi. Duk gyaran da ka yi, sai ka sake tsallakewa."

"Kwana huɗu fa."

"Na sani."

Ya ja numfashi, ya ɗauki cokalinsa daga kan tebur ya ce shi dai an raina masa fasaha. Na mayar da ƙas. Koren ya tafi.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ƙarfin sifika a kan biyu cikin ɗari, da ƙyar ake ji. Maigida ya nemi hutun safe, ya zauna kusa da ni hannunsa a kan sifikar. Mun yi yarjejeniya in na ce kashe ya kashe. Sau bakwai na ce. Rigata ta jiƙe sharkaf. A na takwas ban ce ba, na mutu dai, amma a kan kujera na mutu.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na gaya wa likitar hannu. Na ɗauka za ta yi faɗa. Ta ce, "Anti, ashe kin fi ni sanin aikina. Ki riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, in jiki ya ce a tsaya ki tsaya." Ta ga ramukan safar, ta yi murmushi.

Sifika a kan goma. Wuƙa uku. Ashirin da tara sun hau, saura ni. Injiniya ya saka hoton agogo a zaure.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na kunna. Yau Alhamis, kuma na kunna.

Sifika a kan ashirin. Na lura da wani abu. In na ji ƙas, ƙafata ce ke fara sani kafin kaina, ta ɗaga ta tsaya, kamar yadda ta saba. Ƙarar nan na fi kowa a duniya sanin ta. Shekara goma sha huɗu tana gaya min lokacin da zan janye hannu, sau ɗaya ne kawai ban saurara ba.

Na kai wuƙa ta biyar sau biyu. Sau biyun ta same ni. Ban je banɗaki ba.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Mutuwa goma sha tara tun safe. Biyu a ɗaki na ɗaya, abin kunya. Zan sha shayi.

Juma'a, ƙarfe huɗu da kwata na yamma

Ƙarfe uku da minti arba'in. Bari in rubuta shi daidai.

Safar ce ta dame ni, zaren ramin yana kama ƙaramin yatsa. Ina tsakiyar ɗaki na biyu na mutu saboda ita. Na fizge ta na jefar, ban yi tunani ba. Na sake farawa. Tuli tara. Rola shida. Bel. Hannun yana nan a kan kibod a gefen idona, tsirara, yana aikinsa, ni kuma ba ni da lokacin jin komai game da shi.

Lungu. Ƙas, na tsaya, ta sauko, na zabura. Ta biyu. Ta uku ta yi jinkiri har ƙasan bayana ya kusa cin dugadugan Gajere. Ta huɗu ta zo nan take. Ta biyar ta yi shiru, ta yi shiru, na ji ƙafata ta ɗaga da kanta, sannan ƙas. Ta sauko a gaban hancinsa. Ta tashi. Alhaji ya danna.

Na juyo, ashe Maigida yana bakin ƙofa da makullin bas a hannu. Ya ce ya bar motar a tasha ya ce wa abokin aikinsa cikinsa ke ciwo. Tun ɗaki na uku yake tsaye, ya ce bai yi numfashi ba. Idonsa ya yi ja, ya ce tawadar wasan ce.

Na danna kore.

A zaurenmu in ka ɗora mataki sai ka rubuta layi ɗaya a ƙasansa, yadda ka tsallake shi. Na daɗe ina kallon wurin. Sannan na rubuta da hannu biyu: "Mataki na talatin ya hau. Gwaji dubu ɗaya da ɗari uku da shida. Na tsallake shi da yatsu bakwai da ƙafa ɗaya. Ku masu goma, bismillah."

Zaure mai mutum dubu biyu ya yi tsit har minti huɗu. Ban taɓa ganin haka ba.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe goma na safe

Saƙonni sun fi ƙarfin karatu. Mai Gadi ya rubuta abin da ya sa na tashi na je na wanke fuska. Sabuwar maginar nan mai ruwa ta ce ta mutu sau saba'in kuma tana ƙaunata. Wani ya tambaya a ina na samo ƙarar, na gaya masa gaskiya.

Injiniya a gefe ya turo nasa. Ya ce ya yi awa biyu yana lalube bayan kowane bango yana neman ƙofar magini, bai samu komai ba. Na ce masa na gina ta, na goge. Na ce kuma bara ban kyauta masa ba. Ya ce, "Bara mahaifiyata ce a asibiti. Ya wuce. Ki gaya min yadda ake wuce wuƙa ta uku." Na ce ya buɗe kunnensa.

Na kira Yaya na ce ta zo ta ga wasan yara. Ta ce tana hanya, da kuloli.

Yanzu na duba allon matakin. Mutum dubu ɗaya da ɗari biyu da arba'in sun shiga tun jiya, kowa da yatsunsa cif. A jerin waɗanda suka fito ta ƙofar ƙarshe, har yanzu suna ɗaya ne.